Takalmin Mushe a Ƙofar Maigari

Garinmu yana tsakanin Malbaza da Tajaye, sai an sauka daga kwalta an taka kaɗan. Lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, tana da aji shida, amma uku ne kawai ke da ɗakin siminti. Sauran rumfunan kara ne, mu iyaye muke sake su kowace shekara bayan an cire amfanin gona. Ni ne sakataren kwamitin iyayen yara, saboda na taɓa kwaleji a Konni kafin mahaifina ya rasu in dawo gona. Ban yi nisa ba, amma ina son a yi abu bisa tsarinsa, kuma haka zan ba da wannan labari, na farko kafin na biyu.

A shekarar da nake magana, ɗiyata ta fari tana aji shida, ajin da ake yin jarrabawar shiga kwaleji. Abin da ni ban ƙarasa ba nake so ta ƙarasa. Tana da kai, wannan kowa ya shaida. Abin da ba ta da shi, malamin da zai zauna. Ciwon lakwal ɗinmu ke nan tun da can. A turo mutum, ya zo ya ga ba wuta, rijiya da nisa, waya ba ta kamawa sai an hau tudu, ya yi ƴan makonni, ya ce zai je Konni karɓar albashi, sai mu sake ganinsa ran da ya ga dama. Ƙananan azuzuwa ana iya lallaɓa su da haka. Aji shida ba ya lallaɓuwa.

Sabon mushen, kamar yadda muke kiran malamin lakwal, ya iso da ƙafa daga bakin kwalta, jaka a ka, riga da wando tsaf, ƙafa ba takalmi. Muka ɗauka sun tsinke masa a hanya. Washegari ya shiga aji haka. Ya je rijiya haka, ya je masallaci haka, ya je jana'izar wani tsoho haka, ya ratsa ƙarangiya kamar yana taka tabarma. Saurayi ne dogo, Bafillace, daga wata ruga ta wajen Tajaye. Ya yi kiwo har ya tasa kafin wani kawunsa ya kai shi lakwal. Ƙafarsa faffaɗa ce, yatsun a warware, tafin kamar ƙirgi. Ya gaya mini ya sa takalmi duk shekarun karatunsa don doka ce, kuma ran da ya gama ya bai wa wani. Ya ce in ya sa su hankalinsa yana komawa ƙafa, ba ya iya tunanin komai.

Ban so abin ba da farko, kuma na gaya masa. Na ce ma'aikacin gwamnati ana gane shi tun daga ƙasa. Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai ba da ƙafa nika rubutu a allo ba." Ban saba a mayar mini da magana da dariya ba. Na bar shi, na ce zan zuba ido in gani.

Ga abin da na gani. Yana riga yara zuwa. Yana farawa da shifta, sannan lissafi, sannan karatu, kullum a wannan jeri, kuma ba ya tashi daga abu sai na bayan aji ya gane. Bayan la'asar yana tara ƴan aji shida ƙarƙashin gawon da ke bayan lakwal, su maimaita na safe. In ya je Konni, ya tafi da safe ya dawo kafin magariba. Kafin sanyi ya shigo sosai, ɗiyata ta fara karanta mini abin da ke jikin buhun taki da kwalin magani da Faransanci, tana gyara mini inda na ɓata. Uwarta ta ce yarinyar ta zama alƙali a gida. Na ce a bar ta.

Yaran kuma suka yi abin da aka koya musu a gida. Ƙarami ba ya tsayawa da takalmi gaban babba in babban ba ya da su. Masu silifa suka fara barin su bakin rumfa. Da suka ga ana rikita su ana faɗa wajen ɗauka, suka daina zuwa da su. Mafi yawan yaran dama ba su da takalmi, kuma na lura sun bar ɓoye ƙafa ƙarƙashin benci. Madam ta aji biyar ma ta fara tuɓe nata in ta shiga aji, ta ce haka ya fi mata sauƙin tsayuwa. Darakta, shugaban lakwal ɗin, dattijo mai jiran ritaya, ya riƙe nasa sau-ciki.

Matsalar daga zauren maigari ta taso. A garinmu akwai wata dalbejiya kafin a kai zauren. Mai zuwa gaisuwa yana tsayawa wajenta, ya sunkuya ya cire takalmi, ya riƙo su a hannu, ya aje gefen ƙofa, ya shiga ya durƙusa. Masu zama a waje suna kallo. Sun san wanda ke cirewa tun kafin itacen, sun san wanda ke jira sai ya zo jikin bango, kuma da wannan suke auna ladabin mutum. Mushe ya zo gaisuwa kamar kowane baƙo. Ya wuce dalbejiya bai tsaya ba, don ba abin da zai tsaya yi. Ya shiga, ya durƙusa, ya yi gaisuwa mai kyau. Ya sake zuwa, ya sake yin haka.

Maigari tsoho ne, idonsa ya yi rauni, ƙafarsa ta dama ta daɗe tana damunsa. Mutumin kirki ne, amma da kunnen ƙanensa yake jin gari. Ƙanen shi ke zama bakin ƙofa, shi ke cewa wane ya shiga, wane ya jira. Shi ne ya fara maganar. Ya ce kowa sau biyu yake sunkuyawa, ɗaya a dalbejiya, ɗaya a ciki, ban da wannan baƙo. Ya ce talakan da ba ya da takalmi an san uzurinsa, amma mai albashi da ya ƙi saye, ya ƙi ne don kada ya cire wa kowa. Yana da wani abin a rai kuma. Ya sayo wa ɗansa, wanda ke ajin ɗiyata, takalmi sau-ciki daga Sakkwato, yaron ya ƙi zuwa lakwal da su, ya ce kunya yake ji.

Maganar ta bi gari. Aka ji ta wajen masu shayi, aka ji ta a rijiya, har a bakin mutanen da mushe ke koya wa ɗiyansu karatu kyauta kowane marece. Na san garinmu. Magana in ta fito daga wannan ƙofa ba ta mutuwa da kanta. Na samu mushe na shimfiɗa masa shawara dalla-dalla. Ya sayi takalmi. Ya sa su ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, lokacin da ƙofar maigari ke cike. Ya taka da su zuwa dalbejiya, ya cire gaban kowa, ya shiga ya gaida maigari. Bayan wannan in ya so ya rataye su a ɗaki har wata Juma'a.

Ya dube ni ya ce, "Baba, kana nufin in sa takalmi don in cire?"

Na ce, "Shi nika nufi."

"To mi aka yi ke nan?"

"An yi ladabi. Kai kana koyar da lissafi, mu nan namu lissafin ke nan."

Ya ce in don yaran ne zai yi. Har yau ban ga kuskure a shawarar nan ba. Ita ce hanyar da duk mai hankali a garin zai nuna masa.

Ya sayo faɗe na jar fata a kasuwar Malbaza, sababbi, masu ƙara in an taka. Ranar Juma'a ya sa su a bakin masallaci. Ina bayansa. Yana tafiya kamar maraƙin da aka yi wa dabaibayi, samari suna ƙunshe dariya. Wani mahauci ya ce masa, "Bahillace, yau shanu ba za su gane ka ba." Ya ce su ma mahauta ai da wuƙa kaɗai shanu ke gane su. Aka yi dariya. Ya tsaya tun kafin dalbejiya, ya sunkuya, ya cire, ya riƙo su a hannu, ya aje gefen ƙofa. Ƙanen maigari ya ce ya shiga.

A ciki ma komai ya tafi daidai. Maigari ya ji daɗi, ya tambaye shi ruga, ya tambaye shi yara, ya sa masa albarka. Mushe ya nemi izini, ya ce ƴan aji shida suna jiransa, ya fita. Ni na tsaya, don akwai maganar gyaran rijiya da ake so in ji.

Da na fito, mutane sun yi cirko-cirko a ƙofa. Jan takalmin yana nan inda aka aje shi, kowa ya ɗauki nasa ya bar shi shi kaɗai. Mushe ya fito da darasi a kansa, ƙafarsa ta taka ƙasa kamar kullum, ba abin da ya tuna masa cewa ya zo da wani abu. Na gane haka nan take. Na sunkuya zan ɗauka, ƙanen maigari ya sa sandarsa ya tare hannuna.

Ya ce, "Bar su nan, sakatare, kowa shi gani. Babba ne ka barin takalmi a ɗauko mishi. Wanga yaro ya aje ma maigari takalmi, shina jiran a kai mishi gida."

Na ce mantuwa ce, mutum ne da bai saba ba. Ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin wanda ya mance ƙafarsa ba.

Na tafi lakwal da sauri. Na tarar da shi ƙarƙashin gawo, yana tsakiyar raba lamba a allo. Na kira shi gefe na gaya masa. Ya dubi ƙafarsa, ya dafa goshi, ya ce wallahi ya sha'afa. Na ce ya taso yanzu. Ya ce bari ya ƙarasa wannan lissafin, in ya bar shi a rabi yaran za su kwana da shi a karkace. Ban iya musa masa ba, don ni ma ba na barin aiki a rabi. Amma wannan jinkirin ma sai da aka lissafa masa. Da ya je, aka ce maigari ya shiga gida. Ya ba da haƙuri a bakin ƙofa, a durƙushe, gaban ƙanen. Ya miƙa hannu zai ɗauki takalminsa, aka ce ya bar su, magana ta riga ta wuce nan.

Takalman suka kwana, suka wuni, ba mai taɓa su. A cikin makon ƙafar maigari ta kumbura, kamar yadda ta saba yi in sanyi ya tsananta. Sai tsofaffin gidan suka haɗa biyu. Suka ce mutumin da bai taɓa sa takalmi ba, ya sayo sababbi, jajaye, ya taka da su sau ɗaya, ya aje a ƙofar mai ciwon ƙafa, ai ba sai an tambayi malamin duba ba. Daga rashin ladabi aka koma sammu. Aka sa wani ya ɗauke su da tsinken itace, aka kai bayan gari aka ƙone.

Na bi matakan da na sani ɗaya bayan ɗaya. Na fara da kwamiti. Na kira taro, na ce mu iyaye mu tashi mu je gaba ɗaya mu ce muna son malaminmu. Kowa ya sunkuyar da kai. A wannan zauren ake raba iyakar gona, a nan ake sasanta ɓarnar dabbobi, kuma ba wanda ya san ran da tasa za ta kai shi can. Wani ya ce a bar wa Allah. Wani, wanda ɗansa bai iya rubuta sunansa ba sai a hannun wannan mushen, ya ce shi dama tun farko bai yarda da mutumin ba.

Na je wa darakta. Ya ce shi a gidan da maigari ya ba shi aro yake zaune, kuma saura kaɗan ya huta, kada in sa shi a tsakiya.

Na shiga wajen maigari da kaina, na same shi kwance da ƙafa bisa matashi. Na ce, ranka shi daɗe, wannan yaro ko kaza bai taɓa cuta ba a garin nan, kuma jarrabawa tana tafe. Ya ce shi a ransa bai riƙe shi da komai ba, ya ma san ciwon ƙafarsa ya girmi zuwan yaron. Amma mutane sun yi magana, kuma shi ba ya iya rufe bakin gari. Na ce kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Ya ce zai duba. Ƙanensa yana tsaye a kaina har na fita.

Ƙanen bai jira dubawar ba. Ya hau kabu-kabu ya tafi buron masu duba makarantu. Abin da ya faɗa can, daga baya na ji: malami yana yawo kamar mahaukaci, ya hana yara sa takalmi, ya wulaƙanta maigari, gari ba ya zaune lafiya da shi. Ba wanda ya zo ya leƙa ajin. Ba wanda ya tambayi yaro ko ɗaya ya karanta layi guda. Aka buga wa darakta waya, aka ce an mayar da mushe wani gari can arewa, don a samu zaman lafiya. Ni ma na je buron. Aka karɓe ni da mutunci, aka ba ni kujera, aka ce an riga an gama, kuma za a turo mana wani nan ba da jimawa ba.

Ya tafi da hantsi, jaka a ka, kamar yadda ya zo. Yara suka bi shi har bayan gari, ya juyo ya kore su, ya ce lokacin shifta ne, su koma madam ta yi musu. Ni na raka shi bakin kwalta. Bai yi maganar maigari ba, bai yi ta ƙanen ba. Ya ce ɗiyata ta ƙware a shifta da karatu, rauninta a raba lamba mai waƙafi yake da lissafin fili, in sa ta tana yin biyu-biyu kowace rana in duba mata. Na ce to. Ban gaya masa cewa ni kaina na daɗe da mance yadda ake yin su ba. Mota ta zo, ya ce in gaida gida, ya hau.

Wanda aka turo ya iso bayan an yi makonni ajin yana zaune ba malami. Ya zo da baƙin sau-ciki mai walƙiya. Ranar da ya je gaisuwa ya cire su tun daga nesa, har da safa, ya shiga yana rarrafe. Ƙanen maigari ya ce yanzu aka turo mana malami. Ya yi ƴan kwanaki, ya tafi karɓar albashi. Ya dawo, ya ce matarsa ba lafiya, ya koma. Darakta ya haɗa aji shida da na biyar a rumfa ɗaya, madam tana fama da su duka, rabi suna zaune a ƙasa. Karatun marece ya mutu. Ƙafar maigari ta saɓe bayan an kai shi likita a Konni an ba shi magani, aka ce ai tun da aka ƙone takalman ta fara sauka.

Ina zaunar da ɗiyata bayan la'asar in ba ta lissafi. Ta yi, ta miƙo mini, in duba, in kasa cewa daidai ne ko ba daidai ba. Ta gane. Ba ta taɓa faɗa ba, amma ta daina miƙo mini, sai ta yi ta goge.

Aka yi jarrabawa da farkon damina. Ba ta ci ba. Ɗan ƙanen maigari ma bai ci ba, amma shi an kai shi Konni wajen ɗan'uwansu, aka sa shi makarantar kuɗi. Na ce ta maimaita ajin. Ta maimaita, ta fi kowa tsawo a rumfar, kuma malamin shekarar bai fi na baya zama ba. Kullum ta tafi da safe ta dawo kafin azahar, in tambaye ta abin da aka yi, ta ce an yi shara.

Da sanyi ya zagayo, ƙanwar uwarta ta aiko daga Badaguishiri tana neman mai taya ta aikin albasa a lambu. Ɗiyata ta same ni ina gyaran rumbu, ta durƙusa nesa kaɗan, ta ce tana son ta je. Na ce lakwal fa. Ta ce, "Baba, in ka san za a kawo wanda zai zauna, ni zan zauna." Ta jira. Na juya maganar ta kowane gefe, ban samu abin da zan yi mata alkawari da shi ba, kuma ban saba yi wa ɗiyana alkawarin da ba na iya cikawa ba. Na ce ta je.

Washegari na je lakwal na gaya wa darakta ta daina zuwa. Yana cin gyaɗa a inuwa. Ya ce Allah ya kyauta, yarinya mai kai. Sannan ya tambaye ni yaushe kwamiti zai kawo karan sabunta rumfa.